Waken Iya a Kan Sabuwar Kwalta

Ranar wata Asabar ce da hantsi, bayan an gama kai amfanin gona gida, shekarar da nake aji uku na firamare, can ƙarshen shekarun saba'in. Ina zaune a bakin titi na tasa shanyar barkonon Mama a gaba, da 'yar tsumagiya a hannu ina korar awaki, sai na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashina. Da na ɗaga kai sai na hango katafila ta taho daga wajen Malumfashi tana huci, gireda na biye da ita, sai tifa biyu cike da leburori a tsaitsaye. Wani mai hular kwano ya diro yana kaɗa hannu yana cewa, "A kwashe! A kwashe, za a yi aiki!" Mata suka fito da gudu, wata da masaki, wata da zanen goyo, ana ta tattara shanya ba shiri. Kafin azahar, kwaltar da na buɗe ido na gani a ƙofar gidanmu an bankaɗe ta kamar gonar da aka yi wa huɗa. Mu yara murna muka yi ta yi, muna bin katafila muna ihu. Mama kuwa tana tsaye da masakin barkono a ka, tana kallon wurin shanyarta.

Ƙauyenmu yana bakin hanya ne kusa da Ƙarfi, kuma a wurinmu titi ba na motoci kaɗai ba ne. Gefen kwalta shi ne wurin shanyar mata. Ba yashi, ba danshi, ga zafi ta sama ga zafi ta ƙasa, abin da zai kwana huɗu a tsakar gida kwana biyu ya ishe shi a can. Kuɓewa, barkono, yankakken tumatir, rogo, tsakin masara, duk can ake bazawa. Kowace mace tana da wurinta, an yi masa iyaka da duwatsu, kuma ba wadda za ta zuba ko tsinke a wurin wata. Na Mama yana daidai gindin tsamiya, inda mai tsaro zai sami inuwa, shi ya sa kowa yake ƙyashinsa. Kusa da shi na Gwaggo Talatu ne, ƙanwar Baba, wadda ta yi aure gida uku daga namu. Gwaggo mace ce mai baki, kuma duk sati sai dutsenta ya matso da taƙi ɗaya, duk sati sai Mama ta sa ƙafa ta mayar da shi ba tare da ta ko dube ta ba. Mu 'yan mata masu tsaro, da na gidajen Kirista da na maƙwabtanmu Musulmi waɗanda iyayensu ba sa fita, can muke yini in ba makaranta. Mu yi carafke, mu yi 'yar gala-gala, in motar auduga ta taho za ta Funtuwa mu ruga mu danne shanya da jikinmu kada iskarta ta watsar.

Cikin duk abin da Mama take shanyawa, akwai guda ɗaya da ba ta barin ni kaɗai da shi sai ta leƙo sau uku. Shi ne waken Iya. Iya mahaifiyarta ce, ta rasu tun ina goye, mutuniyar wani ƙauye ce wajen Dayi. Wake ne ƙanana, ja-ja mai ɗigo-ɗigo, ba ya buƙatar kanwa, kafin ka gama jajjage ya nuna, kuma romonsa har wani gardi yake yi. Ban taɓa jin sunansa na kasuwa ba, don ba a kai shi kasuwa. Daga hannun Iya Mama ta karɓi irinsa, a gayaunarta kawai take shuka shi, wato 'yar gonarta ta kanta da ke bayan ta Baba. In an yi roro aka buge aka shiƙe, sai ya yi kwana uku cur a kan kwalta yana shan rana. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta miƙo mini ta ce, "Saratu, sa haƙori ki ji. In bai ce ƙas ba, bai bushe ba." Sai ya ce ƙas sannan a cuɗe shi da toka, a ɗura a tulu, a liƙe bakin da laka. Haka yake kaiwa wata damina ba ƙwaro ko ɗaya.

Masu aikin sun ce kafin ruwa ya sauka za su gama. Suka kwashe tsohuwar kwalta, suka ture duwatsun iyakarmu cikin rami, suka jibge jar ƙasa tsibi-tsibi, suka fitar wa motoci wata hanya ta wucin gadi wadda ta bi ta jikin dangarmu. Daga nan sai muka wayi gari ba su ba dalilinsu. Aka ce kayan aiki ake jira. Aka ce an kai su wani wuri za su dawo. Aka ce mai kwangilar ne aka canja. Kowa da abin da ya jiyo a tasha, ba kuma wanda ya zo ya gaya mana komai. Katafila ɗaya da ta lalace suka bari a gefen makaranta, tun muna hawa muna wasan direba har ta gundure mu, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin ƙwai. Da rani ƙurar motoci ta shiga ko'ina, cikin randa, cikin miya, cikin gashin kai. Farar rigar makarantata ta koma ja, malaminmu ya yi dukan har ya gaji, don tasa rigar ma haka take. Da damina kuwa manyan motoci su kafe a bayan ɗakinmu, a yini ana turi ana zage-zage, Baba ya saɓa kekensa a kafaɗa in zai fita. Gaskiya mun gaji. Irin gajiyar nan ce da mutum yake daina ƙorafi ma, sai dai ya karkaɗe zanensa ya ci gaba.

Wahalar Mama ta fi ta kowa, don ba ta yarda da shanyar wasa ba. Ta gwada tabarma a tsakar gida, kaji da ƙura suka hana. Sai ta koma wani falalen dutse da ke hayin rafi, tafiya mai nisa, kullum mu ɗauki kaya da sassafe mu dawo da su da yamma, wuyana har ya yi kanta. Duk da haka dutsen bai yi mata yadda take so ba, ga inuwar itatuwa tana rufe shi tun la'asar ba ta yi ba. Shekarar farko da ta fasa bakin tulu, rabin waken ya zama gari. Shekara ta biyu ruwa ya yi jinkirin ɗaukewa, waken ya shiga tulu da sauran danshi, ƙwari suka yi biki a ciki. Ta zauna ta tsince masu rai ɗaya bayan ɗaya, abin da ya tsira bai wuce ƙwarya ɗaya ba. Ta ce ba wanda zai ƙara ɗanɗana shi sai an shuka an girbe, ko da Kirsimeti ba ta dafa ba. Baba ya ce ta huta da wannan haƙilon, ga farin wake nan manya-manya malaman gona suna rabawa, kowa ya koma shi. Mama ta ce, "Ka shuka naka a gonarka, ba wanda ya hana ka." Baba mutum ne mai son zaman lafiya, bai sake tayar da maganar ba.

A rani na uku, da bazara, lokacin da zafi yake sa mutum ya rasa inda zai sa kansa, sai ga wasu masu aikin daban. Waɗannan kam ba wasa, kamar ana korarsu. Tankar ruwa ta yi ta yayyafi, motar daɓe tana kai da komo, ƙasa ta kwanta sumul. Ranar Asabar, ana saura mako ɗaya Ista, suka fesa kwalta tun daga kwalbatin makaranta har gaban gidanmu, suka tare bakin wurin da ganguna da rassan ƙaya, suka ajiye wani tsoho maigadi. Ran Lahadi da za mu majami'a kowa tafiya yake yana waige. Kwaltar baƙa wuluk, tana sheƙi, ta fi tsohuwar faɗi, ga shi ba mota ko ɗaya da za ta hau ta tayar da ƙura. Bayan an tashi daga sujada mata suka yi cirko-cirko a ƙofa, ba maganar wa'azi ake yi ba. Duwatsun iyaka sun tafi, to wa ke da ina? Aka tsaya a kan cewa duk wadda ta riga zuba shanya a wuri, nata ne. Gwaggo Talatu ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce ita dai ta san tsamiyar nan kakanta ne ya shuka ta. Mama ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ja hannuna muka tafi. Da yamma ta fasa bakin tulu don ta duba, sai ga ƙwari biyu-uku sun taso. In ba a ba waken nan rana mai ƙarfi ba, ba zai kai shuka ba.

Litinin, ana hutun makaranta, gari na wayewa muka fita, ita da ƙwaryar wake, ni da tsintsiya. Ba za a ce ba mu yi hankali ba. Mama ta durƙusa ta shafa kwaltar, ta danna da babban yatsa, ni ma na buga dunduniyata. Sanyi ƙalau, tauri kamar dutse, ko alama ba ta kama hannu ba. Mu dai kwalta ɗaya muka sani a duniya, wadda ta shekara da shekaru tana shan rana har ta yi fari-fari, ba mu taɓa ganin jaririyarta ba. Mama ta juye waken a daidai gindin tsamiya, ta baza shi da tafin hannu, ƙwaya ba ta hau ƙwaya ba. Kafin rana ta ɗaga gefen titin nan ya cika, ja da fari da kore, abin sha'awa. Maigadi yana zaune kan ganga yana goga goro a magogi, abin da ya ce mana kawai shi ne kada a hau da keke, shi umarnin da aka ba shi ke nan. Gwaggo ta iso a makare da farantan tumatir, ta ga an riga ta, ta ja tsaki ta zuba nata can cikin rana. Mama ta tafi rafi wanki ta bar ni. Na zauna a inuwa ina jin kaina, har gwalo na yi wa 'yar Gwaggo.

Wajen hantsi sosai na fara jin wani wari kamar na kananzir. Ban kawo komai a raina ba, na tashi in motsa waken da ƙafa yadda aka saba. Ina taka wurin sai na ji tafin ƙafata ya kama, na ɗaga ta da ƙyar, ta taso da baƙin zare-zare. Waken kuwa ko motsi bai yi ba, kowace ƙwaya ta nutse rabi ta zauna daram. A nan ne na yi abin da har yau yake ci mini rai. Maimakon in ruga rafi in kira Mama, tsoro ya sa na ce bari in gyara da kaina kafin ta dawo. Na sa tsintsiya, tsintsiya ta manne. Na durƙusa na sa hannu biyu ina turawa da ƙarfi don in tara shi wuri ɗaya, ashe ƙara dulmiya shi nake yi ina mulke shi da kwalta. Na daɗe ina wannan aikin banza ina kuka a hankali, rana tana ƙara hawa. Ihun Gwaggo ne ya tona asiri, da ta zo juya tumatir ta tarar ya zama ɗaya da titi. Nan da nan wuri ya rikice, wata tana salati, wata tana kiran sunan Yesu, aka aika yara rafi da gudu.

Mama ta iso hannunta da kumfar sabulu. Ta dubi waken, ta dubi hannuwana, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni ma da na fi jin sauƙi. Tana durƙusawa ke nan sai ga tifa cike da tsakuwa, da helima, wato shugaban leburorin, a gaba. Ya sauko ya tsaya riƙe da ƙugu, ya ma rasa ta inda zai fara. "Bayin Allah, wa ya ce ku yi shanya a nan? Wannan shafin farko ne, yau za mu ƙara wata mu zuba tsakuwa!" Gwaggo ta taso masa. "Wa ya ce? Nan muke shanya tun kana tsumma. Ku da kuka san ɗanya ce, bakinku ciwo yake yi?" Mama ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, don Allah ka ɗan ba ni lokaci. Iri ne, ba ni da wani." Mutumin ya dubi leburorinsa, ya ce sai dai kafin kwaltar da ke kan wuta ta yi zafi, daga nan ba abin da zai iya.

Abin da ba zan manta ba, Gwaggo Talatu ta bar tumatirinta ko waiwaye ba ta yi ba, ta zo ta zube gwiwa kusa da Mama. "Matsa, Maman Saratu, ke ba ki da farce." Sai sauran mata ma suka zo. Aka karyo ƙayar aduwa, ana ɓanɓaro waken ɗaya-ɗaya ana jefawa a ƙwarya. Kwalta tana ƙona gwiwa, gumi yana shiga ido. Wani lebura ma ya ajiye shebur ya taya mu. Da helima ya ɗaga hannu ya ce lokaci ya yi, abin da ke cikin ƙwaryar bai fi cikin tafi biyu ba, baƙi ƙirin, a dunƙule. Muka koma gindin tsamiya muna kallo aka feso kwalta mai zafi, aka watsa tsakuwa, motar daɓe ta bi ta kan sauran a hankali, ta je ta dawo.

Kwana biyu Mama tana wanke abin da aka tsinto, da toka, da yashi mai laushi, da man gyaɗan da ko a miya ba ta sakin hannu da shi. Ya ɗan fito da kamanninsa, ta shanya shi a inuwa ta ƙulle a tsumma. Da damina ta kankama ta shuka shi a tsakanin dawarta, ƙwaya ɗaiɗai a rami don ya yi yawa. Kullum da safe sai ta je gayauna kafin ta hura wuta. Mako ɗaya, mako biyu, ciyawa ta fito, farin waken Baba ya yi kunnuwa, nata shiru. Ranar da ta sa yatsa ta tono rami ɗaya ina tsaye a bayanta. Ƙwayar ta ruɓe, ta murje ta a hannu ta sansana, ta goge a zaninta.

Ba ta sare ba tukuna. Ta ce ai ba ita kaɗai Iya ta haifa ba, akwai ƙanwarta Inna Rahila da take aure wajen Dayi, ita ma an ba ta irin. Ta ɗauki ƙaramar ƙwarya ta ce in raka ta. Muka hau bas a kan sabon titi, direba sai yabon hanya yake, wai yanzu ko ƙwai ka ɗauko ba zai fashe ba. Inna Rahila ta yi murna da ganinmu, ta kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida. Da Mama ta faɗi abin da ya kawo mu sai fuskarta ta canja. Ta ce tun bara waccan maigidanta ya kawo farin nan, suka cinye sauran na Iya. Ta ce babbar yayarsu ma haka, da matar kawunsu, duk ƙauyen ba mai shi. Sannan ta kama hannun Mama ta ce, "Yaya, ai ke muka dogara da ke. Cewa muka yi duk ran da muka so shi, wurinki za mu zo." Mama sai ta sake tambayar lafiyar yara. Da za mu tafi Inna ta cika mana ƙwaryar da farin wake don kada mu koma hannu banza, ni na ɗauko ta har gida.

Daga shekarar nan Mama farin wake ta riƙa shukawa kamar kowa, ta jefa masa kanwa ya nuna, mu ci. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ko sau ɗaya, ba ta kuma sake yin shanya a titi ba, Gwaggo ce ta gaji gindin tsamiya ba tare da gardama ba. Sabuwar hanyar da aka yi mana wannan wahala dominta, kafin in gama makarantar horon malamai ta fara ramuka, aka sake zuwa aka bankaɗe.

Yanzu a Funtuwa nake zaune, na tsufa, Mama da Gwaggo duk sun riga mu gidan gaskiya. In zan je gida na tarar ana gyaran hanya, fasinjoji suna tsaki suna zagin masu aiki, ni ko bakina ba na buɗewa, wannan gajiyar na gama yin ta tun ina yarinya. Matan yanzu a kan leda suke shanya, su zuba wa wake magani su ɗaure buhu, iri kuwa a shago ake sayensa da sunansa a rubuce. Sun huta, ban ce ba su huta ba. Ni dai na yi shekaru duk kasuwar da na shiga sai na bi layin masu wake ina kwatance, ƙanana, ja-ja, mai ɗigo. Wani ya girgiza kai, wani ya ɗebo mini mai kama da shi, in kawo gida in dafa in zauna ina taunawa a hankali, ina jira bakina ya gaya mini wani abu. Rabona da waken Iya tun ina 'yar shekara goma. Ko yau aka zuba mini shi a kwano, ban tabbata zan gane shi ba.